Mai cewa "ban sani ba" game da samuwar Allah

Tambaya: Malam, wani abokin karatuna yana cewa bai musanta samuwar Allah ba, amma kuma bai tabbatar ba. Shin ɗaya yake da wanda ya ce babu Allah?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai bambanci. Mai musu ya riga ya yanke hukunci, shi kuwa abokinka yana ganin hujjar da ta iso gare shi ba ta kai ya yanke ba. Masanin halittu na Ingila, Thomas Huxley, shi ya raɗa wa mai wannan matsayi suna "agnostic" da Turanci a 1869, domin a ganinsa bai dace mutum ya yi da'awar yaƙini kan abin da ba shi da dalilinsa ba. Wasu daga cikin masu wannan matsayi na cewa ba a sani ba tukuna, wasu kuma, waɗanda nake ganin sun wuce gona da iri, na cewa ɗan'adam ba zai taɓa sani ba, alhali wannan ma da'awar yaƙini ce. A Musulunci imani gaskatawa ne da zuciya, don haka wanda ya zauna a kan shakka bai cika sharaɗinsa ba. Sai dai Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi kusan wata biyu yana kokwanton har abin da idonsa ke gani kafin ya samu natsuwa. Ka tambayi abokinka, cikin ladabi, wace irin hujja zai karɓa.