Tambaya da Amsa: Manhajar Shago da Rumbun Bayananta

Wani matashi daga Pantami, mai haɗa wa masu kemis manhajar lissafi, ya ce fayil ɗin umarninsa na farko yana ƙirƙirar rumbun bayanai lafiya lau, amma na biyu ba ya gane sunan rumbun. Wai ko ya sayi sabuwar kwamfuta?

Haba ɗana, ina ruwan kwamfuta? Riƙe kuɗinka. A MySQL, manhajar da ke riƙe rumbun bayanai, abin da ka ajiye da alamar @, kamar sunan rumbun, yana nan ne muddin haɗinka da MySQL ɗin bai yanke ba. Fayil na biyu sabon haɗi yake buɗewa, don haka bai san da zancen ba. Manhajar girkawa ta tambayi sunan sau ɗaya, ta riƙa miƙa wa kowane fayil: a MySQL ka sa shi a layin umarni, psql da sqlcmd kuwa, masu miƙa umarni ga wasu manhajojin rumbun bayanai (PostgreSQL da SQL Server), suna karɓa ta zaɓin -v.

Wata Hajiya mai shagon atamfa a kasuwar Wunti ta rubuto hankali a tashe. Mai girka mata manhaja ya ce ko ta biya lasisin SQL Server, ko ya sa mata na sata a araha.

Kwantar da hankalinki, Hajiya, kada ki biya ko sisi na lasisi. Akwai SQL Server Express da Microsoft ke bayarwa kyauta, bugun 2022 yana ɗaukar gigabait 10 a rumbu guda. Cinikin shago ɗaya zai yi shekaru bai cika shi ba.

Amma wannan mai girkawar ya ba ni haushi. Irinsu ne ke yawo da filashi ɗaya daga Wunti zuwa kasuwar Muda Lawal, suna zuba wa mutane kwafin da ba a san hannun wa ya bi ba. Mafi muni, suna rubuta kalmar sirri ɗaya a cikin fayil ɗin girkawa, saboda sun kasa miƙa ta daga fayil zuwa fayil, sai su bar ta a kwamfutar. Makulli ɗaya ke nan ga shaguna da yawa. Yaron shagon da ya buɗe fayil ɗin zai iya goge bashin abokinsa, ki yi ta lissafi kuɗi ba su cika ba.

Ki tsaya a kansa ranar girkawa, ki shigar da kalmar sirrin da hannunki, ya nuna miki yadda ake kwafe bayanai a filashi. Cikon kuɗinsa sai bayan nan.