Fankar hitar Hilux ba ta juyawa sai a lambar ƙarshe

Tambaya: Malam, fankar hitar Hilux ɗina ta daina aiki a lamba 1 zuwa 3, sai na kai ta ƙarshe take hurawa. Injin fankar ne ya mutu?

Amsa: A'a, injin na da rai. Rezisto ne ya ƙone. Shi ke rage wuta don fanka ta juya a hankali, lambar ƙarshe kuwa ba ta bi ta cikinsa.

Kashe mota, ka cire wayar batir mai alamar ragi. Sauke akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, za ka ga rezisto kusa da injin fanka, galibi da sukuru 2. Zare soket ɗin wayarsa, kwance reziston, ka tafi da tsohon wajen masu kayan gyara don a ba ka irinsa daidai.

Amma don Allah kada ka tsaya nan. Duba soket ɗin: in robarsa ta narke ko ta yi baƙi, canza shi. Iskar fanka ce ke sanyaya rezisto, saboda haka in ƙurar hunturu ta toshe filtar da ke tace iskar cikin mota, sabon reziston ma zai ƙone. Juya fankar da hannu. In ta yi tauri, injin na jan wuta fiye da kima, shi ma a canza.