Kaka ta ce mai kunya ba ta faɗin naƙuda

Assalamu alaikum Tanti. Shekaruna 19, ina da cikin fari wata takwas. Aurena yana unguwar Zariya a Maraɗi, amma an maido ni goyon ciki ƙauyenmu, can bayan Madarumfa. Kakata ta ce ita ƴaƴa tara ta haifa a ɗaki, a durƙushe, ko tarinta ba a ji ba sai kukan jinjiri, wai faɗin naƙuda rashin kunya ne. Maigidana a matanite, wato asibitin haihuwa, yake so in haihu, sai dai nauyin surukai ya hana shi magana. Ni kuwa ko kamannin naƙudar ban sani ba. Kwana biyun nan cikina yakan ɗaure ya saki, kuma ina tsoron in je a ce sai aiki. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya raba lafiya.

Ɗaurewar da ke lafawa in kin kwanta ko kin sha ruwa, mahaifa ce ke gwaji. Naƙudar gaske ba ta lafawa. Takan taso daga ƙugu ta zagayo mara, tana ƙara ƙarfi, tazararta tana raguwa. Ƴar birni tana iya jira sai ciwon ya koma duk minti 5, amma ke da ke nesa, da kin ga ya jera, ki faɗa a nemi mota. In faya ta fashe, ko kin ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko yaron ya rage motsi, babu jira ko da tsakar dare ne. Haka in ciwon ya jera kafin sati 37.

Aikin da ciwon ke yi shi ne buɗe bakin mahaifa har santimita 10, kuma a haihuwar fari yana da nawa, ana iya wuni ana abu ɗaya. Ki riƙa ɗan tattaki, kina kurɓar ruwa ko koko. Kada ki fara yunƙuri sai sajfam, wato ungozomar asibiti, ta ce hanya ta buɗe, don yunƙurin wuri kan kumbura bakin mahaifa, ya cinye miki ƙarfi a banza.

Inda na rabu da Kaka shi ne bayan kukan jinjirin. Mabiyiya ya kamata ta faɗo cikin minti 30, kuma nan ne jini kan ɓalle. A matanite, da yaro ya fito ake yi wa uwa allurar da ke sa mahaifa ta tsuke. A ɗaki kuwa, kafin a samo mota an makara. Kaka ta ba ki labarin tara da ta haifa lafiya, ki tambaye ta sa'o'inta nawa suka tafi kan gwiwa.

Batun aiki kuma, doguwar naƙuda ta fi shi abin tsoro. In kan yaro ya kakare ya daɗe yana danne mafitsara da ƙashi, naman wurin mutuwa yake, daga nan yoyon fitsari. Matan da ake yi wa gyara a asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi, yawancinsu ta haka suka samu. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, kada ki bari a kusanto ki da aska. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ce aikin fidda yaro kyauta ne, amma maigida ya ajiye ƴan jikkuna na mota da magani.

Kada ki yi musu da Kaka, ba za ki ci ba. Maigidanki ya turo gwaggonsa ta roƙi iyayenki ki dawo Maraɗi wajen wata ƴar'uwa da zarar wata tara ya kama, a zo da Kaka don wankan jego nata ne. Daga yau katin awonki da zannuwa masu tsabta su kwana cikin jaka ɗaya kusa da kanki.