Tambaya da Amsa: Me Zan Gani a Beijing?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kantin Kwari ne, ina zuwa Guangzhou sarin kaya. A wannan tafiyar zan samu sarari kafin a loda kwantena. Ya dace in leƙa Beijing? Yaya batun salla da abinci? — Wani mai karatu, Kano

Amsa: Wa'alaikumussalam, Alhaji. Ka je, wallahi ba za ka yi da-na-sani ba. Jirgin ƙasa mai sauri zai kai ka cikin kimanin awa 8.

Ka fara da tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke arewa da dandalin Tiananmen. Sarki Yongle ne ya sa aka gina ta, daga 1406 zuwa 1420, kuma sarakuna 24 suka zauna a ciki. Ni da na shiga, na ɗauka ƙofa biyu ko uku zan wuce kamar Gidan Rumfa. Ashe ba haka ba ne. Ka ratsa wannan fili, ka haye dokin ƙofa mai kusan kai gwiwa, sai ga wani filin da ya fi shi, bango ja, rufi ruwan ɗorawa. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne manyan tukwanen tagulla da aka jera a tsakar gida. A zamanin sarakunan, ruwan kashe gobara ake zubawa a ciki, domin ginin na katako ne, kuma in sanyi ya tsananta sai a hura wuta a ƙarƙashinsu kada ruwan ya daskare. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri da lambar fasfonka, kuma ba a buɗewa ranar Litinin.

Babbar Ganuwar Sin kuwa, ka nufi ɓangaren Mutianyu, kimanin kilomita 70 daga gari. Cunkoso bai kai na ɓangaren Badaling ba. Ka sa takalmi mai kyau, matakalar ba ta wasa.

Amma ni Masallacin Niujie ya fi taɓa mini zuciya. Tun shekarar 996 aka kafa shi. Daga waje ba za ka ce masallaci ba ne, fasalinsa irin na gine-ginen Sinawa ne sak. Kana leƙawa ciki sai ga rubutun Larabci da ruwan zinariya, dattawan ƙabilar Hui da fararen huluna sun daidaita sahu. Ba na jin yarensu, amma da liman ya ja Fatiha, na ji kowace kalma, har idona ya ciko.

Abinci kuma kada ka damu. Unguwar masallacin cike take da gidajen abincin Musulmi, naman rago da na shanu duk halal. Ka tsara tafiyarka ta yadda Juma'a za ta same ka a can.