Na'urar horar da ƙwaƙwalwa tana maganin cin abinci ba tsayawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 34, ina sayar da atamfa a Maraɗi. Da rana shayi kaɗai nake sha don ina son rage jiki. Amma da dare in yara sun yi barci sai in cinye sauran tuwo, in bi da fanke da biskit, hannu baka hannu ƙwarya, ba na iya tsayawa sai cikina ya yi ciwo. Daga nan sai kunya da kuka. Abin yana zuwa sau biyu ko uku a sati, yau fiye da shekara. Ƙanena da ke karatu a Jamus ya ce akwai na'urar da ake ɗaura wa mutum a kai tana horar da ƙwaƙwalwa. Tana magani? In fara tara kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Abin da kika bayyana ya yi kama da cutar da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani sarai, kuma ba haɗama ba ce. Wani likitan Amurka, Albert Stunkard, ya siffanta ta tun 1959, aka ba ta matsayin cuta mai zaman kanta a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013. Alamunta: cin abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, mutum yana jin ragamar ta kuɓuce masa, yawanci a ɓoye, aƙalla sau ɗaya a sati har wata uku, ba tare da ya tilasta wa kansa amai daga baya ba. Tabbatarwa sai likita ya zauna da ke.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba. Ana kiran abin niyurofidbak. Ana manna ƙananan wayoyi a fatar kai su ɗauko motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, irin awon da Hans Berger ya fara yi wa ɗan Adam a Jamus a 1924. Babu lantarkin da ake sa miki, na'urar saurare kawai take yi. Sai a nuna miki hoton abincin da ya fi jan ranki, kwamfuta kuma ta zana miki a allo yadda ƙwaƙwalwarki ta amsa, misali sanda mai hawa da sauka. Aikinki ki nemo hanyar sauko da sandar, ko ta numfashi ko ta karkatar da tunani. Kamar koyon keke ne: ba wanda zai faɗa miki yadda ake daidaita jiki, maimaitawa ce ke koyarwa. Akwai wani salon da ke amfani da haske wajen auna gudanar jini a sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda shi ke taka wa sha'awa birki. An lura cewa a masu wannan cuta sashen lada, wato wanda ke sa mutum jin daɗin abu har ya so ƙari, yana saurin zabura da ganin abinci, sashen birkin kuma yana yin rauni, shi ya sa masana suka yi tunanin horar da shi kai tsaye.

To, yana aiki? A nan zan ja miki birki. Gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na Jami'ar Laifzig a Jamus ƙarƙashin Farfesa Anja Hilbert: mutum 72, zama 12 cikin sati 8, wasu da awon lantarki, wasu da na haske, wasu kuma aka bar su suna jira. Waɗanda aka horar sun samu raguwar cin, amma masu jiran ma sun samu, har bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. An ga ɗan sauƙi a kwaɗayin abinci da fargaba. Abin da ya fi ba ni mamaki, motsin ƙwaƙwalwar da ake cewa ana gyarawa da kyar ya canza. Wato mai yiwuwa wani ɓangaren sauƙin ya fito ne daga zuwa wurin mai kula da kai a kai a kai, da kallon abinci ana koyon haƙuri. Hanya ce marar zafi, illarta ba ta cika wuce gajiya ko ɗan ciwon kai ba, amma har yanzu tana matakin bincike. Ni dai ba zan ce ki taɓa jarinki saboda ita ba.

Abin da aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne jinya ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam don gyara tunani da ɗabi'a, kuma matakinta na farko za ki iya farawa gobe. Shayin nan da kike wuni a kansa shi ke haƙa ramin da kike faɗawa da dare. Jikin da aka hana abinci tun safe zai rama, ba ruwansa da niyyarki. Ki ci sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu, kada tazara ta wuce awa huɗu: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake ko dambun zogale a shago da rana, fura kaɗan da la'asar. Ki ajiye maganar rage jiki tukuna. Na san da wuyar karɓa, amma ba a iya bin biyun a lokaci guda, cin daren ne farko. Ki riƙa rubuta lokacin da abin ya zo da halin da kike ciki, ko ɓacin rai ne, ko kaɗaici, ko bashin da aka ƙi biyan ki. Bayan sati biyu za ki ga inda bakin zaren yake. Sauran tuwo kuma a rabar ko a rufe tun kafin yara su kwanta.

Ki je asibitin yanki na Maraɗi ko babban asibitin ƙwararru ki nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, a kuma auna miki suga da hawan jini. Ki faɗa wa likita duk maganin da kike sha, musamman ƙwayoyin ƙara jiki irin su deksametazon da siproheptadin da ake sayarwa a kasuwa, don suna buɗe ciki. Akwai magungunan da likita kan ƙara, ciki har da lisdeksamfetamin da Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2015, amma ba na saye da ka ba ne. In kin fara jawo amai bayan ci, ko baƙin cikin ya kai kina tunanin cutar da kanki, kada ki jira sati biyun nan, ki je a ranar.