Me ke sa ƙasa ta yi wa tattalin arzikinta garambawul?

Malam, ka tambayi abin da ke tura gwamnatoci su sauya manufofin tattalin arziki da fasalin hukumominsu. Galibi uwar bari suke gani. Da wuya gwamnati ta taɓa tsarin da manya ke ci a cikinsa, sai tura ta kai bango.

Dubi Indiya a 1991. Kuɗin ƙetaren da ya rage mata bai wuce na sayo kayan 'yan makonni ba, har aka loda zinaren ƙasar a jirgi aka kai Ingila jingina. A wannan hali ne aka karya darajar rupi, gwamnatin da Manmohan Singh ke ministan kuɗinta ta soke yawancin lasisin da mutum ke yi wa zarya ofis-ofis kafin ya buɗe masana'anta. Masana sun daɗe suna faɗin haka, amma masu cin moriyar lasisin ba su sassauta ba sai da asusu ya bushe.

Akwai kuma matsin masu ba da bashi, irin su Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da Bankin Duniya, da sharuɗɗansu. Ni dai a ganina, gyaran da aka sa wa hannu don kawai a karɓi kuɗi yakan ƙare a takarda.

Wani lokaci kwaɗayi ne. Poland ta sake dokokinta da yawa domin ta shiga Tarayyar Turai, ta kuwa shiga a 2004. Canjin shugabanci ma na buɗe ƙofa: jagoran ƙasar Sin, Mao, ya mutu a 1976, zuwa 1978 Deng Xiaoping ya fara karkata Sin zuwa kasuwa, bayan ya je Japan da Singafo ya ga tazarar da suka ba ƙasarsa.