Ga ɗan uwan da ya tambaya kan ninka kuɗi a tseren dawaki

Ɗan uwa wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don maganar da ka yi ta ninka kuɗin zubi duk lokacin da dokinka ya faɗi, da kuma mutumin da ya ce ka biya shi ya riƙa ba ka doki tabbas, duk hanyar nan na san ta.

Nawa mutumin har yau in na tuna shi raina ɓaci yake. Ya turo min doki ya ci, ya sake turowa ya ci, sai ya ce ai yana da ido a wajen masu horarwa, in biya kuɗin wata. Na biya. Daga nan dawakan suka dinga zubewa, in na yi magana ya ce ninka kawai, na gobe ba ya kuskure. Ranar ƙarshe kuɗin da na ajiye na hidimar gida na zuba, dokin yana gaba har kwanar ƙarshe sannan ya sare, ko na huɗu bai zo ba, ina riƙe da waya hannuna na rawa, na kira shi na kira shi, ashe ya toshe ni. Daga baya na gano dabararsa, raba mutane yake rukuni-rukuni kowa ya tura masa doki daban, wanda nasa ya ci shi zai ɗauka gwani ne. Allah ya isa, mutum yana jin muryarka ya san kana da iyali amma ko a jikinsa.

Shi ninkin nan ka yi lissafinsa da biro. In ka fara da 1, ka faɗi sau 7 a jere, 127 sun tafi, na takwas sai ka zuba 128 don ka dawo da ribar 1 kacal, shi ma in od ɗin (wato ninkin da kamfanin caca ke biya in dokinka ya ci) 2.0 ne, ka zuba 1 a ba ka 2. Kuma kar ka ce ba za ta faru ba, dokin da aka fi yi wa zaton nasara kusan tsere 1 cikin 3 yake ci, sauran biyun faɗuwa yake. A babban tseren Grand National na Ingila, doki Foinavon ya ci a 1967 da od 100/1, wato ba a yi masa zaton nasara ba, ka zuba 1 ka ci ribar 100, doki Mon Mome ma haka a 2009, to ina tabbas ɗin yake?

In dai sai ka yi, ka duba dokin da kanka. Tserensa na baya-bayan nan, a wane nisa ya yi, ƙasar busasshiya ce ko ta jiƙe, don akwai dokin da in an yi ruwa ƙafarsa ba ta ɗauka sam. Ka duba nauyin da aka ɗora masa, a tseren handikaf wanda ya fi ƙarfi shi ake ƙara wa kaya don a daidaita su, shi ya sa dokin da ya ci jiya yake iya zuwa na biyar yau. Mahayi ma da magana, da kwana nawa dokin ya huta.

Sannan od 3.0 nufinsa damar ci sau 1 cikin 3, wato kusan kashi 33 bisa 100, in ka haɗa kason duk dawakan tseren za ka ga ya haura 100 bisa 100, rarar nan ita ce ribar kamfani, kafin a saki dawaki sun cire nasu. Tikitin haɗa dawaki biyar shida kuwa rarar ninkuwa take.

Ka ware abin da in ya tafi ba zai hana ka barci ba, duk lokacin da za ka zuba ka zuba daidai wa daida ba ninki, kar ka ci bashi, kuma don Allah ka faɗa wa wani na kusa da kai halin da ake ciki, ni ɓoyewar ta fi asarar cin raina. Mutumin nan kuma kar ka tura masa komai, toshe shi yau ɗin nan.